Mataki Na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a titin Gratiot,
daga bakin kogi har inda fitilun gari suke ƙarewa.
Hannuwana sun san sitiyari yadda harshe ya san haƙori.
Yau ga su a kan fiyano,
baƙi biyu da suka sauka a tashar da ba tasu ba.

Fiyanon na Ernestine ne.
Tun da muka raka ta makwanci ban ɗaga murfinsa ba,
takardun kuɗin wuta da kwalaben magani suka yi sansani a kai.
Ran Talata na kwashe su.
Ran Alhamis Malama Verlene ta hawo bene tana dogara sanda,
ƙanƙarar Detroit na narkewa a kafaɗar rigarta,
ko zama ba ta yi ba ta ce,
“Cleophus, je ka wanke hannu. Wannan ba inji ba ne.”

Ta ce jaz ba a faɗa masa ta taga,
tsani gare shi, mai mataki shida,
na bakwai kuwa gida ne, amma a hawa na sama.
Fari, baƙi, fari, baƙi,
fari, baƙi, sai ka iso.
Na ce ai wannan ko yaro.
Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

Babban yatsana ya ƙi ratsawa ta ƙarƙashin ’yan’uwansa.
Ya saba da danna oda,
bai saba sunkuyawa ba.
Na hau, na zame. Na hau, na tsallake ɗaya.
Maƙwabcina Thaddeus ya daki silin ɗinsa da tsintsiya.
Malama ta daki ƙasa da sanda, ta ba shi amsa,
ta ce, “Ka ji, har mun samu mai ganga.”

Amma na huɗun nan.
Baƙi ne siriri, a maƙale tsakanin farare biyu,
gefensa ya sha taɓi har ya yi sanƙo.
Da na danna shi sai ɗakin ya karkace
kamar hoton da ƙusarsa ta saki.
Ba daidai ba ne, ba kuma kuskure ba.
Na san shi.
Shi nake ji daga kicin duk daren Lahadi
ina goge tukwane, ban taɓa tambayar sunansa ba.
Ashe nan yatsanta yake gogawa.

Na danna na riƙe.
Na riƙe har sautin ya tsufa, ya mutu a ƙarƙashin yatsana,
na sake dannawa.

Malama Verlene ba ta dubi fuskata ba.
Tagar ta duba, inda wata bas ke wucewa ba kowa a ciki.
Can ta ce, “Shuɗi muke ce masa.
In ka cire shi, miya ce ba gishiri.
In ka zauna a kansa, gishiri ne ba miya.
Kai da ka yi tuƙi, faɗa mini,
in ka iso tasha da dare, ba mai jira,
kashe mota kake yi ka kwana?”

Na ce a’a.
Rage gudu nake yi, in leƙa,
don wani lokaci akwai mai gudu daga nesa da jaka a hannu.

“To rage gudu. Leƙa. Ka wuce.”

Na koma ƙasa na faro.
Fari. Baƙi. Fari.
Na shafi na huɗun kamar mai shafa kan yaro a cikin taro,
yatsa ya zame da kansa ya faɗa kan fari na gaba,
sai ga ni a sama, ban san sadda na iso ba.

Ta ce, “Da sauran aiki. Kafaɗarka kamar an rataye ka.
Sau ashirin kullum, hawa da sauka.
Kuma saukar ta fi wuya.”
Ta karɓi dala goma sha biyar, ta ƙirga a gabana.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.
Shayina ya huce a kan murfin.
Ina kan na sha bakwai, ina saukowa,
har yanzu ina ɗan daɗewa a wurin fiye da yadda ta ce.
Thaddeus bai ɗauko tsintsiya ba.
Ko ya yi barci,
ko yana ji.